Lulluɓe ƙasar gona

Lulluɓe ƙasar gona wata dabarar noma ce da ake shimfiɗa busasshiyar ciyawa, kara, ganye ko leda a kan ƙasa kewaye da shuka, domin rana da iska kada su busar da danshin da ke cikinta. Dabarar tana da muhimmanci a yankin Funtua da Malumfashi da ke kudancin Jihar Katsina, inda ake noman masara, dawa, auduga da waken suya da damina, sai tumatir, albasa da tattasai da rani.

Yanayin yankin

Yankin yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, galibi daga watan Mayu zuwa Oktoba. A farkon damina ruwa yakan ɗauke na kwanaki bayan an yi shuka, wanda kan sa tsiro ya bushe. Da rani kuma busasshiyar iskar hunturu da zafin bazara suna shanye ruwan da aka ba shuka a fadamu da gefen madatsun ruwa irin su Mairuwa da Gwaigwaye.

Yadda take aiki

Shimfiɗar tana yi wa ƙasa inuwa, tana rage mata zafi, tana kuma tare iska, saboda haka ruwan da ke tashi a matsayin tururi yana raguwa. Tana rage ƙarfin saukar ruwan sama, sai ya ratsa ƙasa maimakon ya kwashe ta. Tana danne ciyawa, idan ta ruɓe kuma ta zama taki. Ga mai noman rani, wannan yana rage yawan ban ruwa da kuɗin man inji.

Kayan da ake amfani da su

Ana amfani da karan dawa da na masara, bambaro, ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa. Ana shimfiɗa su da kaurin santimita 5 zuwa 10 a kan ƙasa mai danshi, a bar ɗan fili a gindin shuka don kada ya ruɓe.

Matsaloli

Babbar matsalar ita ce ƙarancin kayan, domin kara abincin dabbobi ne, makamashi ne, da shi kuma ake yin danga. Wasu manoma suna ƙone ragowar lokacin sharar gona. Gara tana cinye shimfiɗar da wuri, kodayake ramukanta suna taimaka wa ruwa shiga ƙasa. Tsutsar kara tana iya yin rani a cikin busasshen kara, don haka ake guje wa karan gonar da ta kamu.