Daga buɗin daji zuwa takardar izini: wa ake tambaya kan dokar farauta?

Kafin zuwan Turawa, daji yana da masu shi. A ƙasar Hausa ba a fita farautar gayya sai hatsi ya shiga rumbu, kuma shugaban maharba ne ke faɗin ranar fita da iyakar da za a tsaya. Bikin buɗin daji na Masalata, kusa da Birnin Ƙonni, shaida ne cewa kakanninmu sun san dawa tana da lokacin rufewa da na buɗewa. Ba a rubuta wannan doka ba, amma ana kiyaye ta, domin a gaban jama'a ake yanke ta.

Mulkin mallakar Faransa ya zo da wata fahimta: namun daji na hukuma ne, harbi kuwa sai da takardar izini. Mai bindiga da kuɗi ya sami damar farautar nishaɗi, mai kwari da baka ya wayi gari ɓarawo a dajin kakanninsa. A kan wannan tafarki aka kafa gandun dajin W a 1954. Bayan samun ƴancin kai, Nijar ta yi dokar farauta a 1962, sannan doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, wadda ta ba farautar gargajiya gurbinta. Ci gaba ne, sai dai da Faransanci aka rubuta ta, harshen da mafi yawan maharba ba sa karantawa.

Darasin yana nan kusa da mu. Dallol Boso, kwarin da ya ratsa Kurfai da Tondikandiya, shi ne mafakar raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma. A 1996 kimanin 50 kawai suka rage a wajejen Kure. Hani kaɗai bai cece su ba. Sai da aka zauna da manoman da raƙuman ke cinye wa wake, aka haƙa rijiyoyi, aka ba da ƙananan rance, samarin ƙauyuka suka zama ƴan rakiyar baƙi. Garken ya haura 600, har a 2018 aka ɗauki takwas zuwa gandun Gadabeji.

Saboda haka, duk ranar da za a sake duba dokar farauta, ya kamata shawara ta fara daga Damana da Filinge, cikin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, tare da maharba da makiyaya da manoma. Mu malamai da ƙungiyoyin al'adu muna da namu aiki: mu rubuta ka'idojin tsofaffin maharba tun suna raye, mu fassara dokar hukuma a karanta ta a dandali. Wanda aka tambaya kafin a kafa doka, shi ne zai tsare ta a inda ma'aikacin gandun daji ba ya kaiwa.