Tarihin Littafin Lissafin Kuɗi

Ya kai mai karatu, ka san in fatake suka dawo daga kasuwa mai nisa, ba su rabuwa sai sun zauna sun yi lissafi. Nawa aka kashe, nawa aka samu, wa ake bi, wa ke bi. Wannan aiki yana da tarihi mai tsawo, kuma shi ne za mu ba ka yau.

A ƙasar da ake kira Iraƙi yanzu, akwai wani tsohon birni mai suna Uruk. Sama da shekara 5000 da suka wuce, mutanensa suna tara sha'ir da tumaki masu yawa, har kai ya kasa riƙe adadinsu. Sai suka riƙa ɗaukar yumɓu ɗanye suna yin alamomi a kansa. Masana sun tono dubban waɗannan allunan, sun tarar yawancinsu lissafin dukiya ne. Ka ga ke nan, tun farkon rubutu, lissafi ne babban aikinsa.

Lambobin da kake rubutawa, 1, 2, 3 har da sifiri, daga Indiya suka fito. Wani malami na Bagadaza, Alhawarizmi, ya bayyana su wajen shekara ta 825. Daga baya wani yaro ɗan Italiya, Fibonacci, ya koye su a Bijaya, cikin Aljeriya ta yau, inda ubansa ke aiki tare da fatake. A 1202 ya rubuta littafi ya nuna ma ƴan kasuwar Turai sauƙinsu.

Fataken Italiya suna aika kaya cikin jiragen ruwa, suna cin bashi, suna ba da bashi, suna haɗa jari. Don kada amana ta lalace, sai suka ƙago wata dabara: kowane ciniki a rubuta shi sau biyu. A 1494 wani malamin lissafi, Luka Pacioli, ya buga wannan dabara cikin littafi a birnin Banis. Ba shi ya ƙago ta ba, amma shi ya shimfiɗa ta yadda kowa zai koya.

Ga yadda take. A ce ƙungiyarku ta sayi gyaɗa ta jika 50. Magatakarda zai rubuta a shafin akwati cewa jika 50 ta fita. Zai kuma rubuta a shafin mangaza cewa gyaɗa ta jika 50 ta shiga. In aka ba wani manomi bashin iri na jika 5, a rubuta ya fita daga mangaza, a kuma rubuta shi a shafin mutumin. Ran da aka tara jimla, dole gefen biyu su zo daidai. In ba su zo ba, to, akwai kure, ko kuwa akwai hannu. Wannan ita ce hanyar da bankuna da kamfanoni ke bi har gobe.

Mu ma abin ya iso mu. A 1962 aka kafa UNCC don taimakon ƙungiyoyin manoma a Nijar. Cikin waɗannan shekaru, a yankunan Zinder da Maraɗi, manoma suka fara riƙe kasuwannin gyaɗa da kansu. Sai da aka koya ma ƴaƴan gari awo da rubuta lambobi, don wanda bai iya karanta sikeli ba, abin da aka faɗa masa shi zai karɓa.

To, ina ake koyon wannan aiki? Da, sai yaro ya zauna shekaru a shagon ubangidansa. A 1840, a Ingila, Isaac Pitman ya fara koyar da saurin rubutu ta hanyar wasiƙa. A 1858 Jami'ar Landan ta yarda mutum ya yi karatu a gida, ya zo ya yi jarrabawa. Faransa ta buɗe makarantar wasiƙa ta gwamnati a 1939. Yau intanet ta gaji gidan waya. Ɗanka ko ɗiyarka da ta gama sakandare tana iya yin gajeren karatun jami'a kan lissafin kuɗi ta kwamfuta, ta samu takardar shaida. Takardar ba ta kai digiri ba, amma tana nuna mutum ya iya riƙe littafi.

Sai dai kafin ka sayar da rago ka biya, ka bincika abu biyu. Na farko, ko hukuma ta san makarantar. Na biyu, tsarin wace ƙasa take koyarwa. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na yarjejeniyar OHADA, wadda aka sa ma hannu a 1993, kuma suna da tsarin lissafi guda. Wanda ya koyi dokokin harajin Amurka, sai ya sake koyon namu kafin ya yi ma ƙungiya aiki.

Kai kuma da ka fara rubutu bana, nemi littafi guda. Ja layi a tsakiyar shafi. Abin da ya shigo a gefe ɗaya, abin da ya fita a ɗayan, kowanne da kwanan watansa. In kaka ta yi, ka tara jimla ka gani.