Daga Ɗan Boko Zuwa Nerd

Wani ɗan yayata da ke zaune a Unguwar Shanu, nan Kaduna, ya dawo daga makaranta ran nan yana murmushi, wai abokansa sun laƙaba masa suna nerd. Yaro ne mai tabarau, ba ya zuwa ƙwallo, in an ɗauke wuta sai ya kunna fitilar waya ya ci gaba da lissafi. Na tambaye shi ko zagi ne. Ya ce shi bai ji haushi ba, ai da haka aka kira manyan attajiran duniya suna yara. Kakarsa tana gefe tana tsintar shinkafa, ta ce, "Wato ɗan boko ke nan." Ta yi kusa, amma ba ta kai ba.

Kalmar nerd ba ta daɗe a duniya ba. An fara ganinta a rubuce a 1950, cikin littafin yara na Dr. Seuss mai suna If I Ran the Zoo, a matsayin sunan wata halitta ta almara. A 1951 mujallar Newsweek ta ruwaito cewa matasan birnin Detroit na Amurka suna kiran wanda bai waye ba da wannan suna. Daga baya ta manne wa yaron da ya fi kowa ƙoƙari a aji amma bai iya hira ba, bai iya sa kaya ba. Kuɗi ne suka wanke ta. Da kwamfuta ta shiga gidaje, irin su Bill Gates, wanda ya kafa Microsoft tare da Paul Allen a 1975, suka kuɗance, sai zagin jiya ya koma kirari.

Tamu kalmar ta riga ta bin wannan hanya. Mutane da yawa suna zaton boko daga kalmar Turanci ta littafi aka aro ta. Liman Muhammad ya musanta haka a 1968, Paul Newman kuma ya sake tabbatarwa a 2013 cewa kalmar Hausa ce tun asali, ma'anarta jabu ko yaudara. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo ta da wannan ma'ana. Ga amaryar boko nan shaida, wadda ake ɗorawa kan doki a tafi da ita da rakiya, alhali amaryar gaske an bi da ita ta wata hanya. Don haka da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909, sunan da jama'a suka ba karatun hukunci ne: karatun da ya yi kama da ilimi amma ba shi ba ne. Yaron da aka kai can ya zama ɗan boko, almajirai suna yi masa waƙar ba'a a hanya.

Sai dai mulkin Turawa yana buƙatar akawu da malamin makaranta da malamin asibiti, musamman bayan Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917. An buɗe Kwalejin Katsina a 1922, aka dawo da ita Kaduna a 1938, inda Malam Aminu Kano ya ƙarasa karatunsa, kafin a mayar da ita Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk ɗalibanta ne, duk kuma sun riƙe alli. Ranar da aka sami 'yancin kai a 1960, 'yan bokon da aka yi wa dariya su ke riƙe da ƙasa, iyaye kuma suka fara neman suruki mai albashi. Darajar ta soma dusashewa bayan tsuke bakin aljihun gwamnati na 1986, lokacin da takardar digiri ta daina zama tabbacin aiki. Daga 2009 kuma duniya ta san kalmar ta bakin bindiga, har yara suka rasa rayukansu a makarantu saboda ita.

Inda kakar ta kuskure shi ne, Bahaushe bai taɓa raina mai naci a karatu ba. Gardin da ke kwana gaban wutar tsangaya da allonsa, ba ruwansa da dandali, shi ne gobe alaramma, har sarki ya aika a nemi addu'arsa. Abin da Ba'amurke ke yi wa dariya a jikin nerd, mu girmama shi muke yi. Ɗan boko ba don yawan karatu ake zarginsa ba. Zargin shi ne ya bar mutanensa: yana gaida babba a tsaye, yana surka Hausa da Turanci a gaban wanda bai ji, ya zo biki ya nemi cokali. Shi ya sa har yau in gardama ta yi zafi a Facebook za ka ji an jefi wani da ɗan boko aƙida, ko da mai jifan yana da digiri biyu.

Da na yi wa tsohuwar wannan bayani, ba ta ɗago kai daga faifanta ba. Ta tambaya ko yaron ya je Islamiyya yau, aka ce ya je. Ta ce to ya zo ya duba mata wayarta, tun jiya ta ƙi yin ƙara.