Tarihin Gubar Dalma da Gyaran Ƙasa a Ƙauyukan Zamfara

Haƙar zinare tsohuwar sana'a ce a ƙasar Zamfara, domin tun zamanin mulkin Turawa ake tonon sa a yankin, sai dai ta daɗe a matsayin aikin rani da manoma ke yi bayan an kawar da amfanin gona. Al'amarin ya sauya ne bayan shekarar 2008, lokacin da farashin zinare ya tashi a kasuwannin duniya, har mutanen ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka duƙufa wajen fasa duwatsu, suna ɗauko su daga ramuka zuwa cikin gari. A tsakar gida ake daka dutsen a turmi ko a niƙa shi a injin niƙan hatsi, a wanke garin a kududdufi, a shanya shi a inda yara ke wasa, kuma mata ne ke yin kaso mai yawa na wannan aiki a cikin gidajensu. Abin da ma'aikatan ba su sani ba shi ne dutsen wasu ramukan yana ƙunshe da dalma mai yawa, irin ma'adinin nan mai ƙyalli da ake yin tozali da shi, wanda idan ya zama ƙura yake shiga jikin yaro ta hannu da baki ya taɓa ƙwaƙwalwa.

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar agajin likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara, waɗanda ke fama da amai da jijjiga, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu aiki. Gwajin jini ya tabbatar da cewa gubar dalma ce, binciken da aka gudanar a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma kuwa ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara 5 ba sun rasu cikin shekara guda. An ƙiyasta cewa yara fiye da 400 ne suka mutu a yankin gaba ɗaya.

Nan ne likitoci suka fuskanci matsalar da ta tsara duk abin da ya biyo baya. Akwai maganin da ke kama dalma a cikin jini ya fitar da ita ta fitsari, amma ba shi da amfani ga yaron da zai koma ya yi rarrafe a kan ƙasar da ta sa masa cutar, saboda haka aka kafa sharaɗi cewa sai an gyara ƙauye kafin a ci gaba da yi wa yaransa magani a gida. Kamfanin TerraGraphics na Amurka, wanda ya ƙware a gyaran wata tsohuwar mahaƙa a jihar Idaho, shi ya tsara aikin tare da cibiyar Blacksmith da ma'aikatar muhalli ta jihar Zamfara. Matakin farko shi ne awo, inda ake ɗora wata na'urar hannu a kan ƙasa ta nuna yawan dalmar da ke wurin nan take. Ma'aunin da hukumar muhalli ta Amurka ta amince da shi a lokacin don wurin zama shi ne kashi 400 cikin miliyan, alhali a wasu gidajen an sami fiye da kashi 100,000.

Gyaran kansa aikin hannu ne, kuma mutanen ƙauyukan aka ɗauka suka yi shi da fartanya da shebur da baro. Ana kankare saman ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna da ta lunguna kimanin santimita 5, a zuba a buhuna, a kai wani rami da aka tanada a wajen gari a binne, sannan a sake awo, a kawo ƙasa mai tsabta da aka gwada a shimfiɗa a maimakonta. Shiga gidajen da mata ke kulle ya buƙaci izinin magidanta da goyon bayan sarakuna da hakimai, waɗanda kuma suka ba da umarnin fitar da niƙan dutse daga cikin gari. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, aka bi da Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru zuwa farkon 2011.

Bagega, wadda ta fi sauran girma kuma take da babban filin sarrafa dutse, ita ce ta jira mafi tsawo saboda rashin kuɗi. Sai a farkon 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin da ta yi alkawari, bayan matsin lamba daga MSF da ƙungiyar Human Rights Watch da matasan da suka yi gangami a intanet, kuma a cikin wannan jinkiri yaran garin suna zaune a kan guba ba tare da magani ba. Da aka kammala, an kwashe gurɓatacciyar ƙasa fiye da kubik mita 27,000 daga gidaje 820 da wuraren aiki a ƙauyuka 8, jama'a suka ci gaba da zama a gidajensu, dalmar da ke jinin yara kuma ta ragu ƙwarai.

Darasin bai isa ko'ina da wuri ba, domin a 2015 irin wannan annoba ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, aka sake bin hanyar da aka bi a Zamfara. MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jihar Zamfara a 2022. Tarihin ya nuna cewa ana iya gyara gurɓatacciyar ƙasa da kayan aikin gona da hannun mutanen gari, amma gyaran ba ya ɗorewa sai an ci gaba da awo, an riƙa niƙa dutse da ruwa don kashe ƙura, an kuma hana shi shiga gidajen da yara ke kwana.