Madanni Ɗaya, Haruffa Biyu

Kwamfutar da ke Maigatari da wadda ke Damagaram, hayin iyaka, na iya fitar da haruffa daban idan aka danna wuri guda. Madannin farko a layin haruffa na sama yana ba da Q a tsarin Ingilishi da Najeriya ta gada, amma A yake bayarwa a tsarin Faransanci na Nijar. Dalili kuwa shi ne madanni ba ya aika harafi. Lambar gurbinsa kawai yake aikawa. A kwamfutar IBM ta 1981, lambar wannan gurbi 16 ce. Manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ce take duba tsarin da aka zaɓa, ta lura ko an riƙe Shift, sannan ta yanke harafin da zai fito.

Wannan tazara tsakanin madanni da harafi ta daɗe tana wahalar da Hausa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya nuna ɓ da ɗ ne da alama a jikin harafi, kafin haruffa masu ƙugiya su kafu a Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East, su bi jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939. Maɗaba'a ta iya zuba sabon ƙarfe, amma tafiretar ofis ba ta da ƙ, sai magatakarda ya ɗora ƙugiyar da alƙalami. Da ASCII ya zo a 1963 da gurabe 128, bai bar wa waɗannan haruffa ko ɗaya ba. Sai a 1991 Unicode ya ba kowanne lambarsa: ƙ ta sami 409, ɓ 595, ɗ 599.

Samun lamba bai kashe matsalar ba. A Windows, danna madanni yana haifar da saƙo biyu: na farko, WM_KEYDOWN, yana faɗin wanda aka danna, na biyu, WM_CHAR, yana ɗauke da harafin bayan an bi ta tsarin mai rubutu. Mai tsara manhajar da ya tsaya a na farko, ya ɗauki 75 ya ce K ce kurum, ya rufe ƙofar ƙ ke nan, ya kuma mayar da ƙasa kasa, ɓata bata.

A ƙasar Gumel abin ya wuce ilimin injiniya. Kasuwar Alhamis ta Maigatari tana tara fataken dabbobi daga ɓangarorin iyaka biyu, inda ɗaya ke rubuta 'ya'ya, ɗayan ƴaƴa. Rajistar da ta adana Ɗanladi a yau, Danladi gobe, ta raba mutum guda biyu, domin lambobin D da Ɗ ba ɗaya ba ne. Manhajar da za ta yi wa Gagarawa ko Sule Tankarkar aiki sai ta jira harafin da tsarin mai rubutu ya bayar, ta adana shi da lambarsa ta Unicode.