Yadda JavaScript Ta Koyi Karanta Lamba Daga Ɗanyen Fayil

A shekarar 1995, lokacin da Brendan Eich ya ƙirƙiro JavaScript a kamfanin Netscape cikin kusan kwana goma, babu wanda ya kawo cewa wata rana za a sa ta buɗe fayil ɗin hoto ko na sauti. Don ƙananan ayyukan shafin intanet aka yi ta, shi ya sa aka ba ta nau'in lamba guda ɗaya tak.

Ga inda gizo ke saƙar. Kowane fayil jerin bayit ne, kowane bayit kuma bit takwas. In duka takwas ɗin suka zama 1, ana iya karanta su 255, ana kuma iya karanta su -1 idan an ware bit na farko don alamar ragi. Faɗin hoto kuwa ba ya sauka ƙasa da sifili, saboda haka lamba marar alama ake nema.

An ɗau shekaru masu rubuta manhaja na shan wahala. Sai su yaudari burauza ta ɗauko fayil kamar rubutu, su bi shi harafi-harafi da charCodeAt, su harhaɗa bayit huɗu da hannu. Nan ma ba a tsira ba, don duk abin da ya haura 2,147,483,647 sai ya kife ya koma ragi. Maganin da kowa ya haddace shi ne liƙa >>> 0 a ƙarshen lissafi. Dabara ce mai aiki, amma mummuna ce a ido.

Abin mamaki, masu zane ne suka kawo sauƙi. WebGL, wanda ƙungiyar Khronos ta fitar a 2011, yana buƙatar tura tarin lambobi ga katin zane da sauri, sai aka samar da ArrayBuffer da Uint8Array da 'yan'uwansu. Tare da su DataView ta zo, mai getUint16 da getUint32, wadda ke bari mutum ya zaɓi ta wane gefe zai fara karatu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: PNG babban bayit yake sawa a gaba, WAV kuwa ƙarami.

A 2015 aka shigar da su cikin ƙa'idar harshen kansa. Lamba mai bit 64 ita ce ta daɗe tana jira, sai a 2020 BigInt ta iso da getBigUint64.