Wayar salula da sana'ar mata a Jangebe

A Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara, mata da dama daga cikin gida suke sana'a: ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, ɗinki. A da, yara 'yan talla ne kaɗai hanyarsu zuwa ga mai saye. Yanzu ko da ƙaramar waya marar intanet, ana kiran mace a yi ciniki, a tura mata kuɗi ta lambobin USSD, a ciro mata wurin mai POS.

Sai dai komai ya rataya ne kan sabis. A Satumban 2021, hukumar NCC ta katse layukan sadarwa a Zamfara don yaƙi da 'yan bindiga, bayan gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako. Masu sana'a suka rasa kasuwa da waya a lokaci guda.